Mai Zanen Ƙasashen da Babu Su

A Valparaíso, can bisa tudu,
inda gidaje suka hau kan juna kamar awaki a dutse,
wani rawaya, wani shuɗi, fentinsa na ɓarewa,
akwai tsoho, Don Evaristo Quilodrán.
Sana'arsa zana taswira.
Ba irin ta jiragen ruwan da ke kuka a tasha ba,
ta shafin farko na littafin yara,
wadda yaro ke bi da yatsa
tun bai karanta harafi ɗaya ba.

Shekara arba'in da uku yana kan wannan kujera.
Shi ya zana Tsibirin Juye-Juye,
inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa ya hau gajimare.
Shi ya shimfiɗa Kogin Hamma
wanda duk ya sha sai barci,
da gadar nan mai taurin kai
da ba a ƙetare ta sai an biya ta da labari.
A kusurwar hagu, ƙasa, kullum yakan ajiye
ɗan kifi mai tabarau.
Babu marubucin da ya taɓa roƙon kifin,
babu kuma wanda ya ce a cire.

Yau yanar ido ta rufe shi.
Teku da sama sun zame masa toka ɗaya,
alƙalami na rawa a hannunsa kamar kara a iska.
Ga wasiƙa daga Santiago:
taswira guda, kafin Juma'a.

Sai jikarsa Amparo, 'yar shekara tara,
ta hawo a keken tudu mai ƙugi kamar tsohuwar ƙofa,
burodi mai ɗumi a hammata,
gwiwarta da ƙujewar jiya.
Ta ja kujera. Ta ce, Kaka, faɗi, ni zan zana.

Ya ce, sa dutsen gilashi a arewa.
Alƙalami ya yi ƙaras-ƙaras.
Ya ce, sa dajin da bishiyoyinsa ke gulma,
sa fadar sarauniyar agogo,
sa hanyar da ke canja ra'ayi da tsakar rana.
Ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras,
har shayinsa ya huce,
har inuwar taga ta bar tebur ta hau bango.

Ya miƙa hannu ya shafa takarda.
Mai sana'a ko a duhu ya san kayansa.
Ya ce, wannan ba dutsen gilashi ba ne,
matakala ce.
Ta ce, ɗari da sittin da biyu, na ƙirga.
Wannan fa, mai kunne ɗaya?
Karen bakin shagon Doña Eduvigis.
Wannan igiyar?
Shanyar maƙwabta, da wandon da iska ta sace bara.

Ya yi shiru.
Ya ce, yarinya, ƙasar sihiri aka ce.
Ta ce, to, ai ita ce.
A ina kuma ɗaki ke hawa dutse da mutane a cikinsa?
A ina makaho ke ganin ƙasashe
ya raba wa yara kyauta?

Tsoho ya tauna maganar kamar ɓawon burodi.
Yatsansa ya gangara kusurwar hagu,
ya lalubo, ya sake lalubawa.
Wayam.
Ina kifina?

Ya gaji da zaman gefe, Kaka.
Ta kama yatsan, ta ja shi sama,
ta wuce tasha, ta wuce karen,
ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya
har wata 'yar taga a ƙarshen layi.

Ga shi nan, in ji ta, yana leƙen teku.
Tawadar ba ta bushe ba,
ta ɓata masa yatsa.
Bai goge ba.